Birnin Ƙarƙashin Ruwa da Babu Mai Jiƙewa: Nazarin Wani Littafi a Sakkwato

Littafin da wannan nazari ya shafa bai kai maɗaba'a ba tukuna. Wani matashi ne ɗan unguwar Mabera ya rubuta shi, yana sakin sa babi-babi ta WhatsApp ga waɗanda suka biya kuɗin karatu, kamar yadda marubuta da yawa ke yi tun da takarda ta yi tsada. Da labarin ya kammala sai ya haɗa shi wuri guda, ya kawo wa zaurenmu na masu karatu da ke zama a gidan ɗaya daga cikinmu a Runjin Sambo, yana neman a duba masa kafin ya kai a buga. Ba zan faɗi sunansa ko sunan littafin ba, domin aikin na hannunsa har yanzu.

Abin da ya sa na ga ya kamata a rubuta lamarin shi ne, kusan dukanmu hanya ɗaya muka bi. Mun fara karatun da murna, muna kiran juna a waya muna cewa an samu marubuci. Kafin tsakiyar littafin kowa gwiwarsa ta yi sanyi, wasu ma da ƙyar suka kai ƙarshe. Da littafin lalatacce ne tun daga shafin farko, da babu wanda zai damu. Damuwar ta zo ne daga ganin abin da yaron zai iya, da kuma ganin inda ya saki abin.

Labarin da babin farko

Jigon mai jan hankali ne. Wani saurayi ɗan masunta yana zaune a wani ƙauye a bakin gulbin Rima. Ambaliya ta ci garinsu cikin dare, ruwa ya fizge ƙanwarsa daga hannunsa, ya faɗa ya bi ta. Maimakon ya mutu sai ya farka a wani birnin 'yan ruwa a ƙarƙashin gulbin, birni mai sarki da fada da kasuwa. Sarkin na kwance ba lafiya, waziri na hanƙoron gadon sarauta, 'yar sarki kuma ta kamu da son baƙon. Daga nan sai ɗauri, sai kuɓuta, sai yaƙi, har a ƙarshe a kashe waziri, a ɗaura aure, saurayin ya dawo doron ƙasa da amarya da ƙanwarsa. Duk wanda ya tashi kusa da gulbi ya ji labarin 'yan ruwa, ya kuma sha gargaɗin kada ya je wanka da tsakar rana ko da magariba. Saboda haka ƙasar da marubucin ya shuka labarinsa tamu ce, ba aro ba.

Babin farko kuwa sai dai a yaba. Akwai ƙarar katangar laka da ke zubewa cikin duhu, da kukan akuyar da aka manta a ɗaure. Uwar ta tsaya tana jan damin gero daga rumbu, ruwa ya kawo mata gwiwa, mijin na daka mata tsawa: “Ke, bar geron ga, ɗauko ɗiya!” Ita kuma ta ce, “In munka bar shi mi za mu ci?” Yarinyar ta koma don ta kwance akuyarta, yayan ya cafko ta, hannunta a jiƙe ya sulluɓe, aka bar shi riƙe da awarwaronta. Babu inda marubucin ya ce mana uwar jaruma ce ko yarinyar mai tausayi ce. Mun gani da idonmu.

Daga baya muka san dalili. A damunar 2010, lokacin da ruwan sama da ruwan madatsar Goronyo suka haɗu suka mamaye garuruwan bakin Rima, har gadar da ke kai mutum Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta karye sai da kwalekwale ake ƙetarawa, yaron na ƙauyen kakanninsa na wajen uwa. Yana ƙarami, amma ya ga daren. Abin da ya rubuta a babin farko ya taka shi da ƙafarsa.

Mutanen da suka daina zama mutane

Wadda ta fara sa yatsa a kan ciwon wata ma'aikaciyar jinya ce a cikinmu, mace mai karatu da fensir a hannu. Ta lura cewa daga lokacin da saurayin ya shiga fadar 'yan ruwa, ba a sake ambaton sunan ƙanwarsa ba sai can gab da ƙarshe. Awarwaron ma ya ɓace, ba a ce ya faɗi ba, ba a ce an ƙwace ba. Ta ce da ni, “Malam, ni hwa nan littahin yaɓ ɓace min. Wanda ƙanwatai ta kuɓuce daga hannunai ba shi zama hwada yana kallon adon gini.” Da aka zo ganin yarinyar kuwa, layi biyu aka ba ta: an same ta a wani ɗaki cikin ƙoshin lafiya, suka rungume juna suna kuka.

Wannan shi ne tushen matsalar. Abin da ya jefa saurayin cikin ruwa shi ne ƙanwarsa. Da marubucin ya cire masa wannan buƙata, bai ba shi wata ba. Tun daga nan ba ya neman komai, ba ya tsoron rasa komai, kuma ba a taɓa sa shi tsakanin abu biyu aka ce ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya ba. Dogaran waziri su kama shi, gimbiya ta sake shi, wani tsoho ya bayyana ya miƙa masa takobi, wata baiwa ta raɗa masa asirin fada. Ya zama kamar gorar da ta kuɓuce wa masunci, inda ruwa ya kai ta nan take zuwa. Ana yawan gaya mana cewa shi sadauki ne mai dakakkiyar zuciya, amma jarumtar da ba ta ci wa mai ita komai ba, mai karatu ba ya jin ta a jikinsa.

Gimbiyar ta fi ba ni takaici, domin ita ce ke da babban labari a littafin, kuma ita aka fi tauyewa. An ba ta shafi guda cur na siffantawa: fara ce, doguwa, mai dara-daran idanu, hanci har baka, gashi har gadon baya. Wannan hoton mun gan shi a littattafai barkatai, ko suna ba sai an canza ba. Bayan shafin nan ba mu san abin da ke ba ta dariya ba, ba mu san da wa take faɗa a gidan ubanta ba, ba mu san ko tana da ƙawa ba. Ga yarinya da ba ta taɓa ganin rana ba, ba ta taɓa jin iska a fuskarta ba, ubanta na kwance rai a hannun Allah, amma ta yarda ta bar ruwa da dangi da duk abin da ta sani ta bi baƙo zuwa ƙauyen da ambaliya ta cinye, ba tare da ta yi ko daren tunani ɗaya ba. Ko 'yar da za a kai gidan miji daga Gidan Igwai zuwa Arkilla, duk a cikin garin Sakkwato, tana kuka ranar kai amarya. Wannan kuwa duniya guda za ta bari.

Waziri tun jimlar farko mugu ne: jajayen idanu, baƙar aniya, dariyar mugunta a ƙarshen kowace magana. Me ya sa yake son sarautar, me zai yi da ita, wa yake so a duniya, littafin bai tambaya ba. Sarki kuwa aikinsa kwanciya.

Mutum ɗaya ce mai rai a birnin kaf, wata tsohuwa mai tsaron ƙofar kurkuku. Rabin shafi kawai aka ba ta. Tana mitar ciwon baya, tana zagin dogarai a ƙasan maƙoshi, ta matso kusa da saurayin ta tambaye shi ko gaskiya ne mutanen tudu na da wani abu mai ɗaci da suke taunawa wai shi goro, in ya koma ya aiko mata. Dukanmu mun tuna da ita. Na tambayi marubucin inda ya samo ta, ya ce kakarsa ce ya tuna. Wannan rabin shafin shi ya hana ni yarda da masu cewa yaron ba shi da baiwa.

Ruwan da ba ya jiƙa kowa

Ana iya ɗaukar wannan sashe a matsayin ƙorafi na dabam, amma ni ina ganin shi ne ya haifi na farko. A birnin nan na ƙarƙashin gulbi ana kunna fitilu da wutar itace. Ana turara ɗakin gimbiya da turaren wuta. Dawakai na sukuwa har ƙura ta turnuƙe filin yaƙi. Hawaye na gangarowa a kumatu suna ɗiga a ƙasa. Akwai ma inda aka kawo wa baƙo ruwa a kofin zinariya don ya jiƙa maƙoshi. In ka cire kalmar ruwa daga 'yan wurare, labarin zai iya faruwa a kowace fada a kan tudu.

Ruwa kuwa yana da halinsa, kuma kowane hali nasa kyauta ce ga mai ƙaga labari. Sauti na gudu a cikinsa kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya, fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska, shi ya sa mai nutso ke jin ƙara amma ya kasa gane ta inda ta fito. A ce maƙiyi na tafe, kana jin sa, ba ka san ko ta gaba ko ta baya ba. Duk mita 10 da mutum ya yi ƙasa, nauyin da ke danne shi na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a tudu, kunne ne ke fara shaida hakan. Jan launi shi ke fara gushewa ko a ruwa mai garai-garai, har jini ya daina zama ja a ido. Ruwa na zuƙe ɗumin jiki da sauri fiye da iska nesa ba kusa ba, ga shi jarumin ɗan ƙasar da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu. Sannan Rima da damuna ruwa ne ja mai laka, in ka nutsa ko tafin hannunka ba ka gani. Mutanen da ke rayuwa a irin wannan wuri ba da kallon fuska za su san juna ba. Da taɓawa za su gaisa, da motsin ruwa za su gane wanda ya shigo. Kyan gimbiya a wurinsu ba zai zama dogon hanci ba.

Halittun ma baƙi ne. Marubucin ya cika gulbin da gandun murjani da manyan kifayen teku irin na finafinai, alhali murjani a ruwan gishiri yake girma, kuma daga Sakkwato zuwa teku tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Ko sau ɗaya bai ambaci tarwaɗa ba, mai laluben hanya da gashin baki cikin duhu. Babu minjirya mai jan mutum kamar wutar lantarki, babu ƙurungu mai ƙaya da gurnani, babu talibambam mai kumbura in an taɓa shi, babu giwan ruwa. Babu gaiwa, wadda in ruwa ya ƙafe take binne kanta cikin laka ta yi watanni tana shaƙar iska tana jiran damuna, har Bahaushe ke cewa jikinta take ci. Duk waɗannan suna nan a ruwayenmu, kuma kowannensu ya fi dodon fim ban al'ajabi.

Ga inda abin ya haɗu da taurarin. Halin mutum na bayyana ne inda wuri ya matse shi. Uwar babin farko ta fito fili ne domin ruwa ya sa ta tsakanin gero da ɗiya. Tunda ruwan birnin ba ya hana kowa numfashi, ba ya hana gani, ba ya raba kowa da komai, babu abin da zai matsa mutanen ciki har su nuna ko su wane ne.

Salon

Harshen ma ya sauya daidai wurin da saurayin ya nutse. Yaron da ya tashi yana jin “mi za mu ci” sai ga shi yana cewa, “Ya ke ma'abociyar kyau, ki yi sani cewa zuciyata ta kasance fursuna a gare ki.” Gimbiya haka take magana, waziri haka, dogari haka, baiwa haka. In ka rufe sunayen ba za ka gane mai magana ba. Wasu jimlolin kuma ana jin ƙamshin fassarar finafinan ƙetare a jikinsu, Hausa ce a baki amma ƙashin bayanta na wani harshe ne.

Akwai kalmomin da suka zame masa sanda: “koda jin haka”, “nan take”, “cikin tsananin mamaki”, “ta saki ajiyar zuciya”. Kusan kowane sakin layi da ɗayansu yake buɗewa. Wanda ya fi damuna shi ne “abin da baki ba zai iya misaltawa ba”. Kyan fada baki ba zai iya misaltawa ba, tsoron kurkuku haka, daɗin abinci haka. Misaltawar nan ita ce aikin da mai karatu ya biya a yi masa, kuma yaron ya iya ta, tunda ya misalta mana daren ambaliya har muka ji sanyin ruwan a ƙafafunmu. Ga kuma jimloli masu tsawon gaske da aka ɗaure da “inda” da “wanda hakan ya sa”, har mutum ya manta da wanda aka fara magana a kansa. Kowane babi kuma dole ya ƙare da ƙofa ta buɗe ko wani ya daka tsawa, ko da babu abin da zai biyo baya.

Abin da marubucin ya ce

Ranar da muka zauna da shi ya saurara cikin ladabi, amma ransa ya sosu, kuma ya kare kansa. Hujjojinsa ba na banza ba ne.

Ya ce, “Malam, ai labarin aljanu na. In sunka so wuta cikin ruwa, wa ka hana su?” Gaskiya ne, mai ƙaga labari na da ikon kafa dokar duniyarsa. Amma sai ya kafa ta, mu san ta, ya kuma tsaya a kanta. Da ya nuna mana saurayin na mamakin wutar da ke ci a ruwa, ya kai hannu ya ji ta da sanyi, aka ce masa ba ta kamawa sai da gashin wanda ya nutse, da wutar ta zama abin tsoro da sha'awa. Yadda take a littafin, mantuwa ce kawai: marubucin ya manta a ruwa yake.

Ya kuma ce taurarin tatsuniya ma hali ɗaya gare su, kuma ba a taɓa ƙin su ba. Wani dattijo a cikinmu, tsohon malamin makaranta, shi ya amsa masa. Ya ce, “Ɗana, Gizo hali guda garai, amma kullum akwai abin da yaka so, kuma kullum kwaɗayi nai na jawo mai duka.” Ya ƙara da cewa tatsuniya gajeriya ce, kuma muryar mai ba da ita da waƙar da ke ciki da tsamin bakin Gizo su ke cike giɓin. Littafi mai ɗaruruwan shafuka ba shi da kakar da za ta canza masa murya.

Hujjarsa ta uku ita ta fi nauyi, domin ta shafi abinci. Yana rubutu ne da dare a waya bayan ya tashi daga shago, kuma waɗanda suka biya suna jiran babi kullum. In ya yi jinkiri a yi ta ƙorafi. In ya kawo babin da babu gimbiya a ce ya ɓata musu lokaci. Ya ce ya so ya bi sawun ƙanwar, amma duk ranar da ya sa hirar soyayya sai yabo ya yi ta zuba, shi kuma ya bi inda yabon yake. Babin farko kaɗai ya samu watanni yana juya shi kafin ya fara saki. Wata matashiya a zauren ta goyi bayansa, ta ce ita ta ji daɗin littafin yadda yake, bayan wahalar yini ba ta neman abin da zai tayar mata da hankali. Ban raina wannan ba. Sai dai na tambaye ta abin da ta fi tunawa a littafin, ta yi shiru, sannan ta ce tsohuwar goro da daren ambaliya.

A ƙarshen zaman ne ya faɗi abin da babu wanda ya tambaye shi: bai iya iyo ba, kuma tun daren 2010 bai ƙara sa ƙafa a gulbi ba.

Bakin gulbi

Shawarar da aka yanke mai sauƙi ce. Kada ya taɓa rubutun tukuna, ya je ya zauna da masu ruwa. Ƙasar nan ba ta rasa su ba. Rima na haɗuwa da gulbin Sakkwato a kusa da birni, ruwan ya gangara ta Argungu da Birnin Kebbi har ya faɗa Kwara, kuma duk tsawon hanyar akwai Sarkawa da sauran masunta. A Argungu, bikin kamun kifi da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016, har yau ana shiga gulbin Matan Fada da homa da gora, kuma akwai sarkin ruwa da ke da faɗa a ji a kan gulbin. Amma ba sai ya yi nisa ba. Kwalkwalawa na nan a kan hanyar jami'a.

Na raka shi wajen wani tsohon masunci a can. Mun same shi yana ɗinkin koma, ya ɗaure bakin zaren a babban yatsan ƙafa. Da yaron ya tambaye shi abin da ake gani a ƙasan ruwa, sai ya ce, “Gani? Yaro, can ba a gani. Hannu ka gani.” Ya miƙo tafinsa, duk tabon ƙayar ƙurungu. Ya kwatanta yadda ake lalube a gindin gaɓa, yadda ake bambanta santsin tarwaɗa da ɓawon karfasa, yadda ruwan sama-sama ke da ɗumi amma ƙafa ta ji wani sanyi a ƙasa kamar an shata iyaka, yadda ƙirji ke fara bugawa yana neman iska alhali hannu ya riga ya kama kifi, sai mutum ya zaɓa. Ya ba da labarin yadda ake kiran su in wani ya nutse, da yadda uwar wanda ya nutse ke tsayuwa a gaɓa ba ta zama. Ya kuma yi maganar da yaron bai zata ba: ya ce ruwan ba kamar na ƙuruciyarsa ba ne, tun da aka datse gulaben kifi ya ragu, fadamun da ambaliya ke shayarwa kowace shekara wasu sun daina samu.

Wannan magana tana da tarihi a bayanta. An kammala madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, ta Goronyo a kan Rima a 1984. Sun kawo noman rani da ruwan sha, sun kuma sauya rayuwar manoman fadama da masuntan da ke ƙasa da su, har rikicin diyya a Bakolori ya ci rayukan manoma a 1980. Yaron ya san sunayen madatsun kamar kowa, amma bai taɓa tunanin yadda abin zai kasance ga wanda ke zaune a ƙasan ruwan ba.

Inda aka kwana

Ya sake rubuta babi uku na farkon shiga birnin, kuma abin da ya kawo ya wuce shawararmu. Birnin yanzu duhu ne, mutanensa da hannu suke gaisawa, suna shafa fuskar juna. Tun da 'yan Adam suka datse gulbi, duk rani sai ruwan birnin ya janye, talakawa su binne kansu a laka irin na gaiwa, kuma ba duka ke farkawa ba. 'Ya'yan waziri biyu na cikin waɗanda ba su farka ba. Shi ya sa yake son sarauta: yana so ya fasa madatsar gaba ɗaya, abin da sarki ya hana. Ambaliyar da ta tafi da yarinyar gwajinsa ce ta farko. Waziri ya daina dariyar mugunta, kuma ya fi da ban tsoro, domin mai karatu na jin hujjarsa. Saurayin kuma ya samu kansa tsakanin gonakin garinsu da rayukan waɗanda suka ba shi masauki.

Mantuwar ƙanwar ma ya mai da ita doka, kuma wannan dabararsa ce shi kaɗai. Duk kwanan da ɗan tudu ya yi a birnin sai ya manta abu ɗaya na gida: yau ɗanɗanon fura, gobe hanyar masallaci, jibi muryar uwarsa. Saurayin ya gane haka, yana ta maimaita sunan yarinyar a ransa don kada ruwa ya cinye shi. Ma'aikaciyar jinyar ta ce a nan ne ta fara jin tsoro a littafin.

Ba komai ya gyaru ba. “Koda jin haka” na nan tana leƙowa, kuma da zarar an zo fagen yaƙi sai tsohon salon ya dawo da ƙarfinsa. Gimbiya har yanzu ba ta tashi ba. Ya cire shafin siffantawa, amma bai sa komai a gurbinsa ba, ya ce bai san yadda mace ke ji in za ta bar gida ba. An ba shi shawara ya zauna da yayarsa da aka aurar nesa ya tambaye ta, ya ce yana jin nauyi, har yau bai yi ba. A ɓangaren kuɗi kuma ya yi asara. Da ya gwada wa masu biyansa sababbin babukan, wasu sun yaba, wasu sun ce ya lalata musu labari da duhu da laka, wasu sun fice. Kuɗin da ya tara don bugu ya taɓa su, an ɗage maganar maɗaba'a.

Gardamar da ta rage a zauren ita ce ta ƙarshen littafin. Shi yana so a bar auren yadda yake, domin ya yi wa masu karatunsa alkawarin biki. Ni da dattijon muna ganin tunda ya kafa dokar mantuwa, dole ta ci gimbiya in ta hau tudu kamar yadda ta ci saurayin a ruwa, kuma sai ta san haka kafin ta amsa. Matashiyar ta ce in aka raba su ba za ta sayi littafin ba. Ya karɓi takardunsa da gyare-gyaren fensir a jiki, ya ce zai rubuta ƙarshen iri biyu ya kawo a karanta a zaure kafin ya zaɓa.